Ƙarfen Gindin Ganuwa

Masu ba da labarin nan sukan ce takobi aka tono. Ba takobi ba ne, ga kuma yadda abin ya faru.

A wani gari, wani mai binciken kayan tarihi ya tono ƙarfe mai tsatsa a gindin tsohuwar ganuwa, ya kai shi gidan tarihi. Sai wata tsohuwa ta zo, ta ce, "Ɗan nan, a gindin ganuwar nan kakana ya faɗi ranar yaƙi. Takobinsa ne, ko? Jikokina dariya suke yi mini, wai ƙirƙirar jarumi na yi."

Ya dubi ƙarfen, ya dubi fuskarta, ya sake duban ƙarfen. Ya san duk abin da ya faɗa, garin zai yarda.

Ya ce, "Iya, ruwan fartanya ne. Ban san mai ita ba, amma dubi bakinta, wannan saran takobi ne. Da ita ya tare mahara."

Tsohuwa ta yi murmushi. "To, shi ne. Ko akuya bai mallaka ba, balle takobi."

In kun shiga gidan tarihi, ku tsaya gaban ƙananan ƙarafa ku yi tambaya, kafin ku wuce wurin takubba.