Hanyar Bushiya Zuwa Gida

A ɗakin zane suka fara haɗuwa, ranar da Malama ta raba ɗaliban ajin ƙarshe biyu-biyu don aikin kammala karatu. Kowane rukuni zai tsara ƙunshin wasannin dabbobi na ƙananan yara: hotunan shafa launi, haɗa ɗigo, fuskar kwali da za a yanke, da wasan neman hanya.

Ita, ɗaya daga cikin ɗaliban, ta yi addu'ar a haɗa ta da mai ƙwazo. Sai aka ba ta wani dogon saurayi da ya shigo a makare, ya buga goshi a ƙofa, ya kuma ba ƙofar haƙuri.

"Malam, wannan mene ne?" ta ce, tana duban zanen da ya miƙo mata.

"Zaki ne."

"Zaki? Wallahi na ɗauka tsintsiya ce ta yi idanu."

"To zana mana naki mu gani, Bushiya."

"Wace ce Bushiya?"

"Wadda tun ɗazu take soka min ƙaya."

"Ku ji min Raƙumin Dawa! Tsawo har rufi, basira tana ƙasa."

Sunayen suka bi su. Duk ajin ya san inda irin wannan faɗa yake ƙarewa, ban da su biyun.

Bai iya zaki ba, amma ya san yara. Shi ya ce a kaurara layuka domin hannun yaro rawa yake yi, kuma kada a fito da haƙoran kada duka, kar wani ya ƙi barci. Ita kuwa fensir yana jin maganarta. Ba a jima ba saƙonnin aiki suka fara ɗauko abin da ba aiki ba.

"Bushiyata, giwarki ta fi ni kyau, kishi nake. Kin ci abinci?"

"Komai ma ya fi ka kyau. Na ci. Ka gyara kunnen zomo, ɗaya ya fi ɗaya tsawo."

"Muryarki yake saurare, shi ya sa ya miƙe."

Ta ce wannan shirme ne. Ba ta dai goge shi ba.

Babanta tsohon injiniyan hanya ne. Tun rasuwar mahaifiyarta ya rage magana, wadda ta saura kuma ya wasa ta. Yana da nasa ɗan takarar aurenta, ɗan abokinsa, likitan haƙori, mai murmushi kamar talla. Rannan ta kawo masa maganar Raƙumin Dawa.

"Namiji da gemunsa ya zauna yana zana zomo?" in ji Baba. "Ban hana ki ba, ban kuma ba shi ba. Ki kawo min abin da ya gama da hannunsa. In aikin ya tsaya, ya turo manyansa. In bai tsaya ba, kada in sake jin sunan wata dabba a gidan nan."

Saura shafi ɗaya a gama, na wasan neman hanya: 'yar bushiya ta ɓata a sama, gidansu yana ƙasa, yaro zai bi lungu-lungu da fensir ya kai ta. Suka raba aikin. Ita za ta taho daga sama, shi daga ƙasa, su haɗu a tsakiya.

A makon ne wata 'yar ajinsu, sarauniyar kwalliya, ta riƙa yawo da barewar da ya zana tana cewa idanunta ne ya kwafa. Bushiya ta tambaye shi. Shi kuwa, da yake namiji ne, sai ya yi abin da ya fi komai muni: ya fashe da dariya.

Ta tura masa rabinta babu ko sallama. Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya rubuto:

"Bushiyata, ta ina hanyarki ta fito? Ki faɗa min in tare ki."

Ta karanta, ta kifa wayar. Ya haɗa rabi da rabi, ya kai aka buga. Cikinsu babu wanda ya sa fensir ya gwada.

Fushi take yi, amma da kanta ta kai wa Baba ƙunshin da safe. Ya sa tabarau. Ya duba kaurin layuka, ya gyaɗa kai. Ya haɗa ɗigon kunkuru a ɓoye, yana ganin ba ta lura ba. Sai ya iso shafin ƙarshe. Ya bi, ya goge. Ya sake bi, ya goge. Shayinsa ya huce.

"Kira min shi."

Raƙumin Dawa ya zo, ya sunkuya a ƙofa wannan karon, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Bushiyar nan a daji za ta kwana," in ji Baba, yana nuna katangar da ta raba shafin biyu. "Na tsufa ina gina hanya. In aka taho daga gefe biyu aka kasa haɗuwa, to ma'aikatan ne ba sa magana da juna. Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba. Ni na haɗa, ban gwada ba."

Bushiya ta ga aurenta yana zamewa saboda layi ɗaya.

"Ƙarya yake, Baba! Ya tambaye ni, na ƙi amsawa."

"Baba, kada ka saurare ta, laifina ne."

"Kai, rufa min baki! Ko laifin ma sai ka fi ni tsawo?"

Baba ya cire tabarau, ya daɗe yana goge shi.

"Haka muke da uwarki," ya ce. "Kullum rigimar wa zai ɗauki laifi. Yanzu duk laifin gidan nan nawa ne, babu mai ƙwace min." Ya tura musu magogi ɗaya, ita kuma ta ɗauko zanen asali na fensir. "Ku buɗe mata hanya a gabana."

Suka sunkuya a kan teburin, kai kusa da kai.

"Idanun wa ka sa wa barewa?" ta raɗa masa.

"Na akuyar kakata. Ina da hotonta."

Dariya ta ƙwace mata har fensir ya kauce.

Ƙunshin ya ci jarrabawa. Likitan haƙori ya ji labari, ya yi murmushi, domin abin da ya iya ke nan. Bayan bikin yaye ɗalibai aka ɗaura aure.

Ranar da za ta tare, Baba ya miƙa musu kyautarsa cikin gilashi: bugaggen shafin nan mai kuskure, da layin fensirinsa ya fasa katangar tsakiya ƙiri-ƙiri ya kai bushiya gida.

"Ku rataye inda za ku riƙa gani," ya ce. "In an kira, a ɗauka. Ba kullum mai kiran yake nan ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su lalata muku bango da launi."

Suka ce amin. Ango ya juya da amaryarsa, ya buga goshi a ƙofa. Wannan karon ita ta ba shi haƙuri.