Kitse a Jikin Kwamfuta

Sun sake shi! Wallahi sun sake shi, ga shi can tsakar gida yana shanye min kunun jego, ko wanka bai yi ba. Ku da kuka bi layi kuna cewa mijina ɓarawo ne, yau sai ku san inda za ku kai kunyarku.

Ni dai ina ɗaki, yau kwanana shida da haihuwa, ko ƙofar gida ba a bari in leƙa. Yayata Fareeda ce ta bi insfektan da ya yi binciken ƙafa da ƙafa ta kawo min komai, sauran kuma shi maigidan, Khamisu, ya cike min.

Kun san shagon gem ɗin bakin layinmu na mutum biyu ne, Shamsuddeen mai yadi da Baballe mahauci. Babbar kwamfutarsu da ake gasar ƙwallo a kanta ta riƙa maƙalewa, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa zai buga sai ya tsaya cak kamar an ɗaure shi. Baballe ya ce sabuwar monita za a saya, allon da ake kallo ɗin nan. Shamsuddeen ya ce a'a, girafik kad, wani kati ne da ake sakawa cikin kwamfutar. Sai suka kira maigidana, tunda gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Ya ce musu kati shi ne tukunya, monita kwano ce, in tukunya ba ta dafa ba ko kwanon zinare ka kawo yunwa za ka kwana da ita. Mutanen shago suka fashe da dariya. Aka sayi kati, ya saka, gem ya koma sumul.

Ranar Litinin gem ya koma ɗingishi, har Talata bai gyaru ba. Shamsuddeen ya janyo kwamfutar daga jikin bango, ya leƙa ta gefen gilas, babu kati. Nan take Baballe ya fito titi yana ihu, "Ole! Ole! Ɓarawo! Khamisu ne, shi kaɗai ya san cikinta!" Kafin la'asar 'yan sanda sun zo har gida sun tafi da shi. Ga suna ranar Juma'a. Ku ji fa, suna babu uban jaririya!

Aka ba Insfekta Iliyasu binciken. Mutumin nan ba ya dariya ko ta bashi. Ya sa aka fito da maigidana daga bayan kanta.

"Kai ne injiniyan?"

"Ni ne, oga."

"Ina katin?"

"Wallahi ban ɗauka ba. Matata ta haihu, tun Juma'a ban taka shagon ba."

"Haihuwa ba shaida ba ce. Mai sabon jariri ai shi ya fi kowa neman rago."

Kun ji rashin mutunci ko? Amma maigidana ya daure.

"Oga, kwamfutar tana kawo hoto yanzu?"

"Sun ce tana kawowa."

"To wani ya cire wayar monita ya mayar da ita ramin sama. Ni a jikin katin na soka ta, can ƙasa. In an zare katin aka bar ta haka, allo baƙi ƙirin zai yi."

Insfekta ya rubuta, ya ce a mayar da shi.

Laraba da hantsi ya zo shagon. Yaya Fareeda tana biye, ta tsaya a bakin ƙofa. Ya duba kwaɗo, lafiyarsa ƙalau.

"Mukulli nawa ne?"

"Biyu," in ji Shamsuddeen. "Nawa da na Baballe."

Baballe ya yi caraf. "Ai injiniya ne, oga, yankan mukulli ba zai gagare shi ba."

"Na tambaye ka?" Insfekta ya juya wajen Shamsuddeen. "Kun taɓa yin faɗa kan kayan shagon nan?"

"Mu? Ko kusa. Kamar wa da ƙani muke."

Yaya ta kasa haƙuri. "Ƙarya kake, Shamsu! Ranar sayen katin har kwalar riga kuka ci, duk layi an gani!"

"Malama, in kika ƙara buɗe baki ke ma bayan kanta za ki kwana."

Amma ta ce min ta ga ya rubuta.

Ya zaga bayan kwamfutar. Waya tana ramin sama, yadda maigidana ya faɗa.

"Ɓarawon nan mai kirki ne," in ji shi. "Ya zare kati, ya gyara muku waya, ya ɗaure noti, ya mayar da kwamfuta jikin bango. Ni ban taɓa ganin ɓarawon waje da ya damu shago ya ci gaba da aiki ba."

Sai ya durƙusa. Layin kiyashi ne ya hau ƙafar tebur, ya bi ta bayan kwamfutar, ya taru a kan notuna biyu kamar an zuba sukari. Ya ce wa zai gaya masa abin da kiyashi ke ci a jikin ƙarfe? Ya goga hankici, ya kai hanci. Ya kwance noti ɗaya da hannu, kansa duk a ƙwarzane, ya jefa aljihu, ya fita ko sallama babu.

Ni ranar ko kunu ban iya sha ba. Mata na shigowa barka, suna min kallon matar ɓarawo. Har da wadda ta aiko a ba ta laftof ɗin ɗanta kafin shi ma ya ɓace. Ta san kanta.

Yau da safe Insfekta ya ɗauki kofur ɗaya, sai abbatuwa, mayankar da Baballe ke aiki. Yaya ta hau okada ta bi su. Suka tarar da Baballe cikin mahauta, hannu duk maiƙo.

"Ba ni ƙaramar wuƙarka ta fiɗa."

"Don me? Ni ne na kai ƙara fa, oga! Ga ɓarawo can kun kama, kun zo kuna tozarta ni gaban mutane!"

"Wuƙar."

Ya miƙa yana huci. Tsininta ya murɗe kamar wutsiyar kunama.

"Me ya same ta?"

"Ƙashi ne."

Wani dattijon mahauci da ke gefe yana wasa tasa wuƙar ya ce, "Haba Baballe. Shekarata arba'in ina fiɗa. Ƙashi ya dakushe wuƙa, ya ɓare mata baki, wannan na sani. Amma ya murɗe tsini? Wane irin sa ne wannan?"

Insfekta ya fito da notin, ya ɗora tsinin wuƙar a kai. Ya zauna ɗaram. Ya nuna masa hankicin.

"Injiniya da sukudireba yake aiki. Kuma sukudireba ba ta barin kitsen shanu. Mu je ɗakinka."

A bayan ƙofar ɗakin, an rufa da bargo, ga kwali. Sabuwar monita fil, faɗinta kamar taga.

"Kyauta ce," in ji Baballe.

"Wa ya ba ka?"

"Abokina."

"Sunansa?"

Baballe ya kau da kai.

"To ɗauko kyautar taka. Ba kai ka ce ita ce maganin gem ba? Mu je mu gani."

Haka ya ɗauko ta a ka har shago, rabin layi na biye. Insfekta ya ce Baballe da kansa ya haɗa. Ya haɗa. Aka kunna ƙwallo. Hoto ya fito fes, gwanin kyau, amma 'yan wasa sai tafiyar hawainiya, gola ya yi tsalle ya maƙale a sama. Wani ya ce a kawo masa tsani ya sauko. Shago ya kaure da dariya.

Nan Baballe ya manta da wanda ke tsaye kusa da shi. Ya buga tebur.

"Ɗan iskan mai sayar da kayan kwamfutar nan na Ikeja ya cuce ni! Ya rantse in na ba shi katin, wannan monitar za ta gyara komai!"

Insfekta ya juyo gare shi.

"Maimaita," in ji Insfekta.

Baballe ya zube a kujera. "Ni ba sata na yi ba, oga, ai rabin katin nawa ne. Litinin da na taso daga yanka na biyo na zare shi kafin a buɗe shago. So nake gem ya lalace in ce kun gani, katin banza ne, sai in kawo monita kowa ya san ni ke da gaskiya. Ban zaci Shamsuddeen zai juya kwamfutar ba."

Shamsuddeen ya yi kansa, kofur ya riƙe shi. "Maci amana! Mahaucin banza, har ni!"

Yaya ta ce, "To mijin ƙanwata fa, me ya yi maka, mugu?"

"Shi ya sa aka yi min dariya a shagona."

"Saboda dariya ka sa mutum ya kwana biyu a bayan kanta, matarsa na jego?" Insfekta ya ce da kofur, "Sa masa ankwa. Daga nan Ikeja za mu, ya nuna mana mai karɓar kayan."

Haka aka fito da shi ana "Ole! Ole!", a titin nan dai. Yaya ta ce da Insfekta zai wuce ta gabanta ya ce, "Malama mai baki, je ki ɗauki mutuminku." Ta ce wallahi sai da ta ga haƙorinsa ɗaya.

To ni na gama, jaririya na kuka. Don Allah duk wadda ta karanta ta tura guruf ɗin islamiyya da na matan layi, wadda ba ta iya karatu a karanta mata da ƙarfi. Ku gaya wa kowa Khamisu mai gyaran kwamfuta hannunsa tsaf yake, kuma suna yana nan gobe da safe, uban yarinya da kansa zai raba goro. Ku tura, kar ta tsaya a wayarku!