Gashi Bakwai a Fuskar Fanna

Dab da magariba Babakura ya ajiye buroshinsa, ya ja baya yana kallon allon. Wata uku ke nan yana zana fuskar marigayiya matarsa Fanna da ka, domin ambaliya ta cinye hotunanta kaf, ga 'yarsu Siddiƙa ta tashi ba ta san kamannin uwarta ba. Kumatun ne suka gagare shi, sai ranar da ya ga wata kyanwa kwance a katangar gidansa a unguwar Wulari, ya sa almakashi ya tsakuri gashin wutsiyarta, ya ɗaura buroshi mai laushi. Shi da ke hana yara jifan kyanwa da almuru don gudun aljanu, shi ne da wannan aiki. Launin kuwa ya saje, Fanna ta fito sak.

Sai dutse ya faɗo kan kwanon rufi, wani ya biyo. Ya leƙa, ba kowa. Da ya juyo, ga Siddiƙa tsugune tana kallonsa ba ƙiftawa.

Kwana huɗu ba ta ci ba. In aka ɗauke ta, a bakin zaure take yin nauyi kamar buhun siminti. In shi ya taka waje, numfashinta ya tsaya. Tsoro ya cika shi, ya zauna daram.

Rana ta biyar maƙwabta suka kawo Goni Hamid, mahaddaci mai ruƙiyya. Ya yi nisa a karatu, sai muryar tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Gashina nake so."

Aka miƙa buroshin. Ta ƙirga da yatsun Siddiƙa, ta ce saura bakwai. Goni ya yi mata tayin akuya, ta ƙi. Babakura ya san inda suke, a kumatun zanen, domin buroshin ɗaurin hannu zubar da gashi yake, fenti ya bushe a kansa. Ya ɗauko waya zai ɗauki hoton allon.

"Ɗauka, in zauna a jikinta," in ji muryar.

Ya ajiye. Ya sa reza yana kankare kumatun yana kuka. Na bakwai a ƙasan ido yake, sai da idon ya tafi. Jifan kwano ya tsaya, yarinyar ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Ta sha, ta daɗe tana kallon allon.

"Baba, wace ce wannan?"