Yaƙin Tunkuza a Kpangalam

A shekara ta goma sha ɗaya ta sarautar Sarkin Zongo Abdul'aziz, a tsakiyar bazara, lokacin da mangwaro ya cika kasuwar Sokodé har awaki suka daina waiwayarsa, Allah ya karɓi ran Sarkin Fawa Mumuni. Shekara talatin da huɗu ya yi riƙe da wuƙar sarauta, kuma bai bar ɗa namiji ba. Tun kafin a yi sadakar bakwai idon mahauta ya tsaya a kan mutum biyu.

Na farko shi ne Madakin Fawa Bukari, wanda ya tashi a gindin teburin marigayin, ya kuma gaji hannunsa a farin kilishi. Namansa falle-falle ne har ana hango rana ta cikinsa, labun da yake tsoma shi kuwa bai wuce tunkuzar gida da citta da albasa da gishiri ba. Rumfarsa tana bakin babban titi, inda motocin Lomé da na arewa suke tsayawa. Na biyu shi ne Fousséni, ɗan ƙanwar marigayin. Shi ma a teburin nan ya koyi riƙon wuƙa, sannan ya yi shekara goma sha biyar a Dapaong, ya dawo bara ya kafa rumfa a unguwar Kpangalam da wani jan kilishi mai duhu wanda garin bai saba gani ba.

Mahautan suna da doka tun zamanin fatake. Idan sarautar fawa ta faɗi tsakanin mutum biyu, kowa zai kai farantin kilishinsa zauren Sarkin Zongo ranar sadakar arba'in, a rufe da faifai, babu suna. Liman ne kaɗai ya san mai kowane faranti, domin shi yake ɓoye wuƙar kowa a ƙarƙashin nasa. Dattawa biyar su ɗanɗana, kowa ya ajiye goro a gaban wanda ya zaɓa. Dabara ce da ta cancanci a koyar da ita a jami'a, domin harshe ba ya jin kunyar kowa.

Madaki Bukari bai taɓa tunanin zai yi shakkar wannan rana ba, sai da wani direban tirela da ya shekara ashirin yana saye a wurinsa ya tsaya ya yi masa ta'aziyya, ya tafi bai sayi komai ba. A gaban motar akwai ƙunshin takarda da mai ya ɓata da ja. Washegari ya ga 'yan zemijan, masu haya da babur, suna kwasar baƙi daga tasha zuwa Kpangalam. Har 'yarsa ta cikinsa ya kama tana kallon rumfar Fousséni a waya, wasu 'yan makaranta sun ɗauka suna ta zuba yabo.

Ya sa aka sayo masa yanki ɗaya a ɓoye. Ya shige bayan rumfa ya tauna, yana addu'ar ya ji ɗaci ko wari. Bai ji ba. Ƙamshin gyaɗa ne mai zurfi, da zaƙi kaɗan a can baya, da wani yaji da ba ya gaggawa. Ya haɗiye, ya ji kamar garwashi ya haɗiya.

"Wannan ba hannun Fousséni ba ne," in ji shi a ransa. "Na san shi tun yana huda nama in ya zo feɗewa. Asirin Dapaong ne."

Ya bar rumfa a hannun ƙaninsa, ya ce gaisuwar dangi za shi. Mota ta hau duwatsun Aledjo, ta ratsa Kara da Mango, ta wuce gonakin Tandjouaré da suka bushe suna jiran ruwa, ta sauke shi a Dapaong da la'asar. Ya zaga kasuwa tsakanin kwandunan zabi da tulin tumatir, yana shinshina kowane ƙullin yaji na matan ƙabilar Moba kamar mai neman ɓataccen ɗa. Daga ƙarshe ya durƙusa gaban wani tsohon mahauci mai suna Zaidu, wanda Fousséni ya zauna a ƙarƙashinsa.

"Baba, wane yaji kuke da shi a nan wanda babu a kudu?"

Zaidu ya dube shi, ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"Daga ina ka ce kake?"

"Sokodé, Baba."

"To, ka sha hanya a banza, ɗana. Shekara goma sha biyar Fousséni yana damun direbobi su kawo masa ƙunshi daga Sokodé. Tunkuzar wata Salamata ce a Kpangalam. Mu nan zabo muka iya. Ka ci zabo ka koma gida."

Bukari ya ci zabon, amma bai ji ɗanɗanonsa ba.

Abin da ya fi cin ransa a hanyar dawowa shi ne, a Kpangalam yake kwana. Shekara talatin yana fita bayan sallar asuba ya dawo bayan magariba ta hanya ɗaya, bai taɓa leƙa lungun da ke bayan gidansa ba. Madaki ba ya zuwa cefane, aika yake yi.

Ranar da ya dawo ya ja hula ya shiga lungun da ƙafa. Ya tarar da wata duniya. Ga masaƙan ƙabilar Tem a jere ƙarƙashin bishiyar mangwaro, zarensu ya miƙe kamar hanya, ƙoshiya tana kai da kawo. Ga wata Bafulatana tana tsamo wagashi daga ruwan karan dafi, cukun ya yi ja kamar an shafa masa lalle. Ya wuce mai wake da shinkafa da layin mutane a gabanta, ya wuce mai masa tana juya tanda. A ƙofar wata maƙera ya tsaya, domin ya hango wuƙaƙe sirara irin waɗanda ya ɗauka sai an yo odarsu daga nesa.

"Na wa ne waɗannan?"

Maƙerin ya ce, "Na Fousséni, ranka ya daɗe. Shi yake zuwa ya zauna har a gama wasa su."

Gaba kaɗan ga wani dattijo mai butik, wato ɗan ƙaramin kanti, yana sayar da zumar daji a kwalaben da aka wanke. Na wa? Fousséni ne babban mai saye. Ga mai saƙa asabarin shanya nama da ƙananan ramuka don iska ta ratsa. Shi ma Fousséni. Duk inda Madaki ya sa ƙafa sai ya tarar sawun abokin gabarsa ya riga shi, kuma kowa in ya ambaci sunan sai ya yi murmushi. Wannan murmushin ya fi kilishin yi masa ciwo.

Gidan Salamata yana ƙarshen lungu. Tsohuwa ce 'yar Tem, tana zaune gaban kasko tana soya gyaɗa a cikin yashi har ta yi duhu, ta kusa ƙonewa amma ba ta ƙone ba. In ta matse mai, sai ta murza tunkuzar da ɗan kimba da ta kyafe a hayaƙi.

"Lale da Madaki! Yau rana ta ina ta fito? Tun kana saurayi nake jin tarinka ta bayan katanga, ban taɓa ganin fuskarka a gidana ba."

"Inna, tunkuza nake so. Duk wadda za ki yi daga yau har ranar arba'in."

"Duka? Rijiya za ka cika?"

"Duka, Inna."

Ta ƙara juya yashin, ta ce:

"Mai sayarwa ba ta korar mai saye. Amma wannan tunkuza ba ta san hannunka ba, Madaki, kai ma ba ka san ta ba."

"Za mu saba."

Haka aka kafa wa Fousséni takunkumi ba tare da an zare wuƙa ba. Bukari ya kwashe tunkuza, ya kwashe zumar mai butik har kwalbar ƙarshe, ya riƙe mai asabari da aikin wata guda. Labari ya zo masa cewa Fousséni ya je gidan Salamata ya fito hannu rabbana, ya tsaya a lungu yana shafa gemu. A ranar Madaki ya ci tuwo malmala uku.

Sati uku ya yi yana gwaji a tsakar gida, ƙofa a rufe. Na farko ya yi zaƙi kamar alewa, na biyu ya ƙone a wuta saboda zuma. Amma hannun da ya shekara talatin a kan nama ba ya ɓata har abada. Ana saura kwana biyu ya tauna wani yanki, ya lumshe ido. Ko uwar Fousséni ba za ta bambance ba. Ya ce a ransa, tunda jan kilishi garin yake so, to ga shi daga hannun Madaki, shi kuma ɗan Dapaong ya kawo abin da ya samu.

Ranar arba'in da hantsi zaure ya cika. Sarkin Zongo Abdul'aziz ya zauna, dattawa biyar a damansa, 'yan takara biyu a bakin ƙofa. Liman ya ɗaga faifai. Faranti ɗaya ja ne mai sheƙi. Ɗayan fari ne, kilishin gyaɗa da citta da albasa, irin wanda ake dakawa a turmin kowane gida.

Bukari ya kalli farin farantin, ya sake kallonsa.

Dattawa suka ɗanɗana jan, suka gyaɗa kai da ladabi. Suka ɗanɗana farin. Babbansu ya daɗe yana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage masa, sai hawaye ya zubo masa.

"Allah ya jiƙan Mumuni," in ji shi. "Ga hannunsa bai mutu ba."

Ya ajiye goronsa gaban farin faranti, ya saci kallon Bukari da fara'a, kamar mai cewa kwantar da hankalinka. Na biyu ya bi shi, na uku ma. Goro biyar suka taru a wuri ɗaya, kuma duk wanda ya ajiye sai ya dubi Madaki ya yi masa murmushi.

Liman ya ɗaga farin farantin. Wuƙar da ke ƙarƙashinsa siririya ce, ƙirar lungun Kpangalam.

Ta Fousséni ce. Babban dattijo ya dubi wuƙar, ya dubi Bukari.

"Madaki, ina naka hannun?"

Bukari ya dubi jan farantin da babu goro a gabansa.

Fousséni ya matso ya durƙusa gaban sarki.

"Allah ya ja zamaninka, ban yi don wayo ba. Na nemi kayan haɗina na rasa, sai na koma ga abin da kawuna ya koya mana ni da Yaya Bukari. Nasa ya fi nawa kyau in ya yi shi."

"Goro ya riga ya faɗi," in ji Sarkin Zongo. "Ba a ɗaga shi."

A nan aka naɗa wa Fousséni rawani, aka danƙa masa wuƙar Mumuni. Bukari ne, a matsayinsa na Madaki, al'ada ta ɗora wa fara yin mubaya'a, kuma ya yi. Da aka fito, babban dattijo ya riƙe hannun rigarsa.

"Tun ranar jana'iza mu biyar muka gama magana. Muka ce shekara talatin muna cin farin kilishin Bukari, ko a cikin duhu za mu gane shi. Kai muka zo zaɓa, ɗan'uwa. Ba ka zo ba."

Mahautan Sokodé sun ce Madaki ya riƙe muƙaminsa, ya koma ga farin kilishinsa, bai ƙara taɓa zuma ba. Tunkuzar da ta cika masa ɗaki kuwa matan gidansa suka murza ƙuli-ƙuli, unguwa ta yi wata biyu tana ci kyauta. Sun kuma ce har yau ta lungun nan yake bi in zai tafi rumfa, ya gaida masaƙa, ya sayi masa, ya tsaya ƙofar Salamata, ita kuma ba ta fasa tambayarsa ko rijiyar ta cika.

Mulki na Allah ne, yana ba wanda ya so. Amma wanda ya bi diddigin wannan labari zai ga cewa rawanin ya zo har ƙofar Bukari ya yi sallama, ya tarar maigidan ya fita leƙen tukunyar wani.