Kalmar Sirrin Agogon Baba

Sufeto bai kai ga rabin abincin ranarsa ba wata mata ta faɗo ofishinsa, gyalenta a hannu, wani saurayi na biye da ita kamar wanda aka janyo da igiya.

"Yallaɓai, mahaifinmu ya ɓata. Yana da ciwon mantuwa, ga ciwon suga. An yi masa allura da safe, kuma ban san ko ya ci wani abu bayan nan ba."

Sufeto ya ture kwanon gefe. Mutum ne mai son a bi komai a sannu, amma tsoho mai suga da ya ɓata a wannan zafin ranar ba maganar "ku dawo gobe" ba ce.

Matar ita ce babbar 'yar tsohon, shugabar wata makarantar firamare, kowa Malama yake ce mata. Saurayin kuwa autansu ne. Ya gama karatu aiki bai samu ba, don haka shi ke zama da Baba a gida, shi ke kai shi asibiti gashin ƙashi.

"Wa ya gan shi ƙarshe?"

"Ni ne," in ji Auta. "Mun dawo daga gashi, na kwantar da shi a ɗaki, na fita shan mai. Ina can Yaya ta kira ni wai ta dawo gida ba ta gan shi ba."

"Ga abin da ya fi tayar mini da hankali," Malama ta miƙa wayarta. "Akwai agogo a hannunsa mai nuna inda yake a taswira. Don irin wannan ranar na saya. Yau manhajar ta ƙi buɗe mini."

"Kin manta kalmar sirri?"

"Ai ba mu taɓa samun wata kalmar sirri ba. Imel ɗaya gare mu na gida, da shi muke shiga komai, agogon, asibiti, har na wutar lantarki. Ka danna 'shiga da imel' kawai, shi ke nan ta buɗe. Yau maɓallin ma babu shi, sai tambayata take kalmar da ban san da ita ba."

Sufeto ya kira Saje, wata 'yar siririya mai tabarau, wadda duk abin da ya shafi waya a caji ofis ɗin a kanta yake ƙarewa. Ta danna inda aka rubuta an manta kalmar sirri. Manhajar ta ce ta tura saƙo, amma zuwa wani adireshi daban da aka rufe da taurari. Ta buga wa kamfanin agogon. Wata murya mai ladabin da ke ƙara wa mutum haushi ta ce a turo katin shaida, za a duba cikin 'yan kwanaki.

"Cajin agogon fa?" Sufeto ya tambaya.

"Ba ya wuce yamma," in ji Malama.

Sufeto ya sa aka tura hoton tsohon ga motocin sintiri, ya ɗauki hularsa.

"Yallaɓai, ni bari in ɗauki mota in zagaya unguwa," in ji Auta.

"Gida za mu je tare. Kai ne ka san inda ka ajiye shi."

A hanya Saje ba ta ɗaga kai daga wayar Malama ba. Can ta gyara tabarau.

"Yallaɓai, ga shi a kwandon shara na imel ɗin. Kamfanin ya rubuto tun watan jiya cewa zai daina shiga ta imel ɗaya, kowane asusu ya sa kalmar sirrinsa. Wani ya buɗe saƙon, ya sa kalma, ya sauya adireshin da ake tura saƙon mantuwa, sannan ya goge komai."

Sufeto ya waiwayo. "Malama, yaushe rabonki da duba agogon nan?"

"Kullum ina dubawa."

"Kullum? An rufe ki waje tun watan jiya."

Ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta, ga tsoro a kai. "Jarrabawa muke yi a makaranta. Na ga Auta na tare da shi, sai na saki jiki. Rabona da buɗe shi ya kai makonni."

"Su wa ke da imel ɗin a wayarsu?"

"Ni da Auta."

"Da mai jinyar da aka sallama," Auta ya yi caraf. "Ba ta tafi da daɗin rai ba, yallaɓai. Ni tun farko ban yarda da ita ba."

"Wayar gida take amfani da ita, kuma na karɓe ranar da ta tafi," in ji Malama. "Tana cikin durowata."

Saje ta duba ranar da aka yi sauyin. Bayan tafiyar mai jinyar ne. Ta nuna wa Sufeto.

Maigadin gidan dattijo ne mai baki kamar rediyo, amma da ya ga kaki sai muryar ta shige ciki. Ya rantse tun asuba bai matsa daga bakin ƙofa ba. Sufeto ya dubi kansa da ke sheƙi, da gutsattsarin gashi a wuyan rigarsa.

"Wanzami ne ya zo nan ya same ka?"

Maigadi ya shafa ƙeya. "To, na ɗan leƙa aski, ranka ya daɗe. Amma wallahi na sa kwaɗo ta waje. Malama ma da ta dawo sai da ta tsaya jirana."

"A kulle ka tarar?"

"Gam."

"Wa ke da ɗayan makullin?"

"Auta."

Sufeto ya dubi katangar gidan, doguwa ce, ga waya a samanta. "Tsohon da ake kai wa gashin ƙashi, ya haura wannan?"

"Ƙila ban kulle da kyau ba da na fita," in ji Auta.

"Ya ce a kulle ya tarar."

Auta ya kau da kai. Hannunsa ya tafi aljihun wando, ya taɓa waya, ya dawo.

Ɗakin Baba tsaf yake, sai warin man zafi. Silifas ɗinsa na gida na ƙarƙashin gado, takalmin fita babu. Malama ta tsaya ta ƙura wa gadon ido.

"Yallaɓai, ni na gyara gadon nan da safe. Ko matashin ba a taɓa ba."

"A kujera ya kwanta," in ji Auta.

"Ɗazu ka ce a ɗaki."

"Kujerar falo nake nufi. Yallaɓai, lokaci na tafiya, ku bar ni in duba wajen kasuwa."

"Ba ni makullin motar."

Sufeto ya buɗe motar da kansa. A kujerar baya ga sandar tsohon a kwance, ga gorar ruwa da ta yi zafi kamar an ɗora ta a wuta. Malama ta dafe ƙirji. Baba yana iya jan ƙafa a fili ba sanda, amma bai taɓa hawa matakalar baranda ba sai da ita.

Sufeto ya karɓi lambar asibitin, ya sa wayar a bayyane don kowa ya ji. Matar da ta ɗauka ta ɗan yi bincike, ta dawo.

"Ai mun zaci ya sauya asibiti. Rabonsa da zuwa gashi tun farkon watan jiya."

Sufeto ya kashe wayar. Maigadi, da ba a gayyace shi ba, ya ja da baya a hankali ya koma bencinsa.

Ran Sufeto ya ɓaci, kuma bai ɓoye ba. Ya ga ɓarayi iri-iri, ba su cika ba shi haushi ba. Abin da ba ya iya haɗiyewa shi ne a tsaya ana yi masa kame-kame alhali ran mutum na rataye.

"Auta, saurara. Tun daga ofis kake neman tafiya kai kaɗai. Yayarka duk motar da ta wuce sai ta leƙa titi, kai kuwa aljihunka kake kallo. Ba ka dawo da tsohon nan gidan nan ba yau. Kai ka sa kalmar sirrin, kuma manhajar a buɗe take a wayarka."

"Wallahi yallaɓai..."

"Kada ka rantse. Ina iya karɓar wayar in kai ofis a buɗe ta bisa doka, amma kafin nan agogon ya mutu. In agogon ya mutu, sai dai mu nemi mahaifinka da fitila, kuma ka fi ni sanin abin da suga ke yi wa wanda bai ci abinci ba."

Malama ta matso. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Auta, Baba ne fa."

Auta ya zauna daɓas a kan matakalar. Ya zaro wayar, ya buɗe ta. Ga taswira, ga wani shuɗin ɗigo can ƙarshen gari, inda motocin haya ke juyawa. A gefe alamar caji ta yi ja.

"Da farko yana tafiya," ya ce, hawaye na zuba. "Tun muna ofis ya daina motsi, Yaya. Bai sake motsi ba."

Direba ya kunna jiniya. A bayan motar, tsakanin Saje da yayarsa, Auta ya zazzage komai ba tare da an matsa masa ba.

Akwai wani shagon cacar ƙwallo a bayan kasuwa. Da farko bayan gashi yake biyawa, ya bar Baba a mota ƙarƙashin bishiya, ya kunna masa rediyo ya sauke gilashi. Daga baya gashin ma ya daina kai shi. Wata rana Malama ta duba taswira ta tambaye shi me ya kai su bayan kasuwa, ya ce gajeriyar hanya ce. Tun daga ranar tsoro ya kama shi, don manhajar tana ajiye duk inda agogon ya je.

"Sai ga saƙon kamfanin, ni na fara gani. Duk wanda ya riga dannawa shi ke sa kalmar. Na buɗe sabon imel, na sa tawa, na goge saƙon. Na ce in kin tambaya sai in ce manhajar ce ta lalace."

"Yau fa?" in ji Sufeto daga gaba.

"Na fito na tarar da ƙofar motar a buɗe. Na duba waya na ga ɗigon na gudu a kan babban titi, na san mota ya shiga. Zan bi shi ke nan Yaya ta kira, bakina ya riga ni, na ce na bar shi yana barci. Na zaci zan samu in zame in ɗauko shi ba wanda ya sani."

"Ka zauna a ofishina kana kallon ɗigon ya tsaya, ka yi shiru."

Malama ta juyar da fuska wajen taga, leɓɓanta na motsi da addu'a.

Suna shiga tashar motocin hayar, allon wayar ya nuna agogon ya mutu. Saje ta riga ta haddace wurin, ta nuna bayan rumfar wani mai faci. Can suka same shi, kwance a inuwar wata tsohuwar babbar mota da aka cire wa tayoyi, takalmi ɗaya a ƙafa, rigarsa jiƙe da gumi. Mai facin ya ce kwandasta ne ya sauke shi da ya kasa faɗin inda za shi, shi kuma ya zaci barci yake.

Malama ta durƙusa ta ɗago kansa. "Baba. Baba, ni ce."

Bai motsa ba. Sufeto ya sa yatsu a wuyansa, ya daɗe yana laluben bugun jini, har Malama ta fara girgiza kai.

"Yana numfashi. A kawo abu mai zaƙi, maza."

Saje ta ruga ta karɓo suga wajen mai shayi, ta shafa masa a cikin kumatu kaɗan-kaɗan. Da idanunsa suka buɗe aka ɗiga masa lemo. Ya dubi 'yarsa bai gane ta ba. Ya dubi kakin Sufeto. Sannan ya hango Auta tsaye jikin mota, fuskarsa ta saki.

"Yauwa, ga shi nan. Ka gama kallon ƙwallon?" Ya kamo hannun Sufeto ya rage murya. "Ɗan sanda, kada ka gaya wa yayarsa. Ya ce tsakaninmu ne."

Malama ta fashe da kukan da take riƙewa tun rana.

Motar asibiti ta iso, motar sintiri na biye da ita. Sufeto ya karɓi wayar Auta ya miƙa wa Saje, ya ce a mayar wa Malama asusun kafin a rufe wayar cikin kayan shaida. Sannan ya juya ga saurayin.

"Sakaci da ran wanda ke hannunka, da yi wa hukuma ƙarya. Sauran ka faɗa a ofis."

Auta ya miƙa hannuwansa tun kafin a nema. Ya dubi yayarsa, ita kuwa tana gyara wa Baba takalmi, ba ta ɗago ba.

Ana ɗaga tsohon a gadon ɗaukar marasa lafiya ya ga wani kurtu na tura Auta cikin motar sintiri. Ya yunƙura zai tashi.

"Ina za ku kai shi? Shi ne fa zai mayar da ni gida."

Sufeto ya rufe ƙofar motar sintirin da kansa, ya ce wa direba su tafi.