Abin da Ya Maƙale a Jikin Bututu

Kifi dubu huɗu aka wayi gari sun mutu a wata gonar kifi, duk ciki sama. Kafin Sufeton 'yan sanda ya iso, mai gona ya gama yanke hukunci: matar da ke ba kifin abinci ce ta zuba guba, don jiya ya yi mata faɗa.

Tana zaune kan kifaffen bokiti, sai rantsuwa take yi. Shekara goma sha ɗaya tana aikin nan, yau ga ta a bakin ƙofar gidan yari. Ta ba Sufeto tausayi ƙwarai, amma tausayi ba ya fitar da mutum a kotu.

Ya shinshina buhun abincin. Lafiya lau.

Ya leƙa bayan katanga. Wani ɗan lambun tumatir ne, ganye shar, ko tsutsa ɗaya babu.

"Lambun wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe," in ji Dogo, mai kula da injin ruwa.

"Da me kake feshi?"

"Da abin feshi na hannu."

"Kawo shi."

"An ara."

"Ba dai da injin gonar nan ba?"

"Haba, yallaɓai. Ko da wani abu ya shiga bututun, ai kwana ruwa ya yi yana gudu. Da ya wanke tas."

Sufeto ya yi murmushi. Shi fa ɗan mai gyaran famfo ne, a cikin bututu ya girma.

"Kofur, kawo zarto."

Aka yanke bututun da ke kai wa kifin ruwa. Sufeto ya naɗa auduga a tsinke, ya goga ta a jikinsa ta ciki, ya kai wa Dogo hanci. Warin maganin ƙwari ya buge shi.

"A tsakiya ruwa ke gudu, malam. Wanda ke manne da jikin bututu da ƙyar yake motsi, shi ya sa magani mai maiƙo ke lafewa yana fita kaɗan-kaɗan. Wa ke riƙe da makullin ɗakin inji?"

Dogo ya durƙushe. "Sau ɗaya na yi feshi da injin. Na wanke, wallahi na wanke, sannan na mayar."

Kofur ya sa masa ankwa. Da suka zo wucewa ta gaban matar, ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ki yafe mini."

Ta dubi ƙanen nata.

"Kifin kuskure ne, Dogo. Amma kana tsaye aka kira mini 'yan sanda, ka yi shiru."