Ɓarawon Da Ya Wanke Ƙafa

"Mama, ɓarawo ma yana wanke ƙafa kafin ya shiga?"

Likita ta janyo 'yarta, ta mayar da ita bayanta. "Yi shiru, manya na aiki." Ba don makaranta na hutu ba, da ba ta kawo ta inda aka fasa ƙofa ba.

Amma Sufeton 'yan sanda ya ji. Ya tsuguna inda yarinyar ta nuna. A bakin ɗakin jinyar tsuntsaye akwai baho mai shuɗin ruwan magani, inda ma'aikata ke tsoma takalmi don kada su shigar da cuta. Ga shuɗin sawu ya shiga, ya fito, ya bushe a kan siminti.

"Me aka ɗauka?"

"Aku tara, yallaɓai. A kansu nake gwada sabon maganin ciwon huhu. Jibi masu ba da tallafi za su zo dubawa. In ba tsuntsaye, za su janye, a rufe ɗakin nan."

"Da sunan wa tallafin ya fito?"

"Da sunana. Mu biyu muka nema, ni da Babban Likita. Shi ya koya mini aiki."

Sufeto ya kira mai gadi.

"Wallahi jiya ko ƙuda bai wuce ni ba."

"To kwaɗon ƙofar, aljani ne ya fasa? Kuma wannan sabon askin, a bakin ƙofa aka yi maka shi?"

Mai gadi ya shafa kai. Ya ce awa ɗaya kacal ya yi a wurin wanzami, da tsakar rana.

A ɗakin gwaji kwamfuta na nan, ba a taɓa ta ba. Likita ta buɗe firji, ta yi turus. Babu kwalbar maganin akun, babu ƙananan sirinji.

Babban Likita na ofishinsa, furfura fes, ya harɗe ƙafa.

"Masu safarar tsuntsaye ne, Sufeto. Na sha faɗa, yarinyar nan ba ta isa riƙe wuri ba. Yaushe ma na koya mata riƙe sirinji? Amma ita masu tallafi suka zaɓa."

Ya duba agogo.

"Ɓarawon naka mai ladabi ne," in ji Sufeto. "Ya tsoma ƙafa a magani, ya bar kwamfuta, ya ɗauki kwalba. Ƙarfe nawa ake ba su maganin?"

"Sha biyu."

"Saura kwata. Tun da na zauna sau huɗu ka duba agogo. Tashi mu je, Baba, kada su rasa na yau."

Dattijon ya sauke ƙafarsa. Sannan ya cire tabarau.

"Shekara talatin ina roƙo a taimaka wa tsuntsayen nan, ba wanda ya waiwaye ni. Ita rubutu ɗaya ta yi. Na so su zo su tarar da keji wayam." Ya miƙe. "Amma ban iya barin su su mutu ba."

A garejin gidansa aka same su, tara cif, ya ware biyu da suka fi jin jiki a keji daban. Likita ta ba su magani. Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya riƙe dattijon zuwa mota, ita kuwa ta rufe wa 'yarta ido.

Kai mai karatu, in ka koya wa wani aiki ya fi ka, tsare zuciyarka tun da wuri. Hassada ba ta jin kunyar furfura, kuma yara na kallon sawunka.